Na'ura ta fara rubuta manhaja: me ya rage wa mai koyo?

Wani ɗalibi da ya shafe kusan shekara guda yana koyon rubuta manhaja ya aiko mini da tambaya mai rassa uku. Ya ce kullum sai ya ji sabon labari: yau a ce ƙirƙirarriyar basira ta fi mutum iya rubuta manhaja, gobe a ce tsofaffin yarukan kwamfuta irin su C sun gama yayi an koma Rust, jibi kuma a ce kwamfutar kwantam, wani sabon nau'in kwamfuta da ake ƙoƙarin ƙerawa, na dab da ɓalle duk wani makullin sirri da ke intanet. Yana so ya san wanne ne gaskiya a ciki, wanne ne hayaniya, kuma ko ci gaba da karatun nasa ba ɓata lokaci ba ne.

Ɗan'uwa, ka ci gaba da karatunka, sai dai ka sauya inda kake zuba ƙarfinka. Labaran nan uku kowannensu yana da gaskiya a cikinsa, kuma idan ka tattara su wuri guda abu ɗaya suke nunawa: samar da rubutun manhaja yana ta yin sauƙi, amma tabbatar da cewa rubutun yana yin abin da ake zato, kuma ba ya yin wani abu daban a ɓoye, kullum ƙara wuya yake yi. Mutumin da ake nema ruwa a jallo a wannan fage shi ne wanda zai karanta abin da ba shi ya rubuta ba, ya gane inda zai karye, ya kuma yarda a ɗora masa alhakinsa. Wannan ba shi ne karon farko da aka yi tsammanin na'ura za ta karɓe aikin ba. Kafin 1957, mafi yawan masu wannan sana'a suna rubuta umarni ne da harshen da ke dab da na na'ura, suna lissafin kowane gurbi na ƙwaƙwalwarta da kansu. A shekarar ce John Backus da abokan aikinsa a kamfanin IBM suka fitar da FORTRAN, yaren da mutum zai rubuta lissafi kusan yadda yake rubuta shi a takarda, sannan wata manhaja mai aikin tafinta ta mayar da shi harshen na'ura. Ƙwararrun wancan zamani da dama sun yi shakkar cewa abin da tafintan zai fitar zai kamo na hannunsu wajen sauri. Da ya nuna zai iya, sai mutane suka rage damuwa da gurbin ƙwaƙwalwa, suka koma tunanin matsalar da suke son warwarewa, masu sana'ar kuma suka ƙaru ninkin-ba-ninkin.

Sai dai akwai bambanci babba tsakanin wancan tafinta da na yau, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Tafintan FORTRAN ko na C yana bin rubutattun ƙa'idoji ne: idan ka ba shi rubutu iri ɗaya sau dubu, sakamako mai ma'ana ɗaya zai ba ka sau dubu, idan kuma ya yi kuskure, kuskuren abu ne da za a bi sawunsa a gyara gaba ɗaya. Kayan aiki irin su GitHub Copilot, wanda aka fara gwajinsa a 2021, da ChatGPT da ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, an gina su ne kan wani tsari da masu bincike a Google suka wallafa a 2017. An horar da su da ɗimbin rubutu, har da buɗaɗɗun manhajojin da mutane suka yi shekara da shekaru suna rubutawa, har suka ƙware wajen hasashen abin da ya fi dacewa ya biyo baya. Ƙwarewar ta gaske ce, ba na raina ta, kuma kusan kullum ina amfani da su wajen ayyukan da a da suke cinye mini yini guda. Amma abin da suke fitarwa rubutu ne mai kama da daidai, wanda sau da yawa daidai ɗin ne, wani lokaci kuma ba daidai ba ne, kuma da fuska ɗaya duka biyun suke zuwa maka.

Bari in nuna maka abu ɗaya kusa-kusa. Ka buɗe yaren Python ka rubuta 0.1 + 0.2, amsar da za ta fito ita ce 0.30000000000000004. Haka yaren JavaScript ma zai ba ka, domin kwamfuta tana ajiye irin waɗannan lambobi ne da sifili da ɗaya bisa ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, kuma kashi ɗaya cikin goma ba ya rubutuwa cif-cif a wannan tsari, kamar yadda sulusi ba ya rubutuwa cif-cif da lambobinmu na yau da kullum, sai dai a yi ta jera 0.333 har illa ma sha Allahu. Na taɓa duba aikin wani matashin abokin aiki wanda ya nemi na'ura ta rubuta masa ɓangaren da ke tara kuɗin ciniki. Rubutun ya tsaru, sunayen sun fito sarai, ga bayani a gefen kowane sashe, gwaje-gwajen da aka haɗa masa kuma duk sun wuce lafiya. Da na duba sosai sai na ga da irin waɗancan lambobi masu ɗigo aka yi tarin, gwaje-gwajen kuma na'urar ce ta rubuta su da cikakkun lambobi irin su 100 da 250, waɗanda ba za su taɓa tona asirin matsalar ba. Da aikin ya fita haka, da sai bayan watanni, lokacin da aka tara dubban ciniki, za a fara ganin jimilla tana saɓa wa rasit da santi ɗaya ko biyu, ba wanda ya san daga ina. Gyaran bai kai minti goma ba: a riƙa ƙirga kuɗin da santi a matsayin cikakkiyar lamba, ko a yi amfani da nau'in lambar da aka tanada musamman domin lissafin kuɗi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da an tambayi na'urar kai tsaye, da ta zayyano matsalar tiryan-tiryan, domin bayaninta yana cikin abin da aka horar da ita da shi. Mutumin da ya san ya kamata a yi tambayar shi ne ba a samu ba.

Akwai wani aibin kuma da ya fi wannan haɗari. Wani lokaci na'urar takan ba ka shawarar ka ɗauko wani tubalin manhaja da sunansa ya yi kama da na gaske, alhali babu shi sam. Masu binciken tsaro sun nuna cewa mugu zai iya lura da irin sunayen da ake yawan ƙirƙirowa, ya yi musu rajista a rumbun da kowa ke ɗiba, ya cusa abin cutarwa a ciki, ya zauna jiran wanda zai kwafa ba tare da dubawa ba. Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin ya fi duk sauran labaran muhimmanci, ko da yake shi ne ba a cika yi masa kanun labarai ba.

Manhajar zamani ba a gina ta daga tushe. Wanda ya rubuta layi dubu biyar da hannunsa yakan ɗora su ne kan ɗaruruwan tubalan da wasu suka rubuta suka bayar kyauta, kowane tubali kuma yana zaune a kan wasu tubalan da mai ginin bai taɓa jin sunansu ba. A watan Maris na 2016, wani mai rubuta manhaja ya samu saɓani da masu kula da npm, rumbun da ake ɗibar tubalan JavaScript, kan sunan ɗaya daga cikin tubalansa, sai ya janye duk abin da ya ajiye a wurin. A cikinsu akwai left-pad, layi 11 kacal, wanda aikinsa bai wuce ƙara gurbi ko sifili a gefen hagu na rubutu ba. Cikin ɗan lokaci dubban ayyuka suka kasa haɗuwa, har da manya irin su Babel, sai da masu rumbun suka dawo da shi da kansu. Wannan tsautsayi ne marar mugun nufi. Na Disamban 2021 ya fi shi muni nesa ba kusa ba. Log4j tubali ne na yaren Java da ke rubuta rajistar abubuwan da suka faru a cikin manhaja, aikin da ba wanda ke yi masa kallon haɗari. Tun 2013 aka sa masa wata dama wadda idan ya ci karo da rubutu mai wata siffa ta musamman, zai je wani adireshi a intanet ya ɗauko abin da ke can. Ma'anar wannan ita ce duk wanda zai iya sa manhajarka ta rubuta kalmominsa a rajista, ko da ta gurbin suna ne ko ta saƙon hira a wasan Minecraft, zai iya sa kwamfutarka ta ɗauko umarninsa ta aiwatar. Gyaran ya fito da wuri. Wahalar da kamfanoni suka sha ita ce da yawansu ba su ma san ko Log4j na cikin kayansu ba, domin tubalin tubalin wani tubali ne, suka kwashe makonni suna lalube.

Labarin da nake so ka riƙe fiye da kowanne shi ne na xz. Wannan wata ƙaramar manhaja ce ta matse fayil don ya rage girma, kuma kusan babu kwamfutar da ke aiki da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, da ba ta ɗauke da ita. Shekaru da dama mutum guda ne ke kula da ita a lokacin hutunsa, ba albashi. Wajen 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara aiko da gyare-gyare masu amfani, ƙanana-ƙanana, cikin ladabi da haƙuri. A 2022 wasu sunaye da ba a san su ba suka fara matsa wa mai kula da manhajar lamba, suna ƙorafin cewa aiki ya tsaya, ya kamata ya nemi mataimaki. Sannu a hankali Jia Tan ya samu yarda, har aka ba shi ikon fitar da sabon zubi. A zubi na 5.6.0 da na 5.6.1, farkon 2024, ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa. Bai sa ta a cikin rubutun da mutane ke karantawa ba. Ya cusa ta ne cikin fayilolin da aka ce na gwaji ne, waɗanda dama ba a sa ran mutum ya iya karanta su, sannan ya ɓoye umarnin da ke tayar da ita cikin ƙunshin da ake rarrabawa. Abin da aka nufa shi ne SSH, hanyar da injiniyoyi ke bi su shiga manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafuka da bayanai daga nesa, ta yadda mai riƙe da wani makulli guda zai iya ba su umarni ba tare da izini ba.

Yadda asirin ya tonu shi ne darasin. Andres Freund, injiniya a Microsoft da ke aiki kan rumbun bayanai na PostgreSQL, yana wasu awune-awune ne a kan zubin gwaji na Debian, ɗaya daga cikin rabe-raben Linux, sai ya lura SSH na cin ƙarfin na'ura fiye da ƙima, shiga kuma tana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ta saba. Mutum dubu za su ga wannan su wuce, su ce intanet ce ke ja. Shi ya san yadda abin ya kamata ya kasance, don haka bai yarda ba, ya yi ta bin diddigi har ya isa ga xz, ya sanar da duniya ranar 29 ga Maris na 2024, kafin gurɓataccen zubin ya shiga manyan tsayayyun rabe-raben Linux da kamfanoni ke dogaro da su. Shirin da aka shafe fiye da shekara biyu ana ƙullawa, rabin daƙiƙa da idon mutum ɗaya mai sanin aikinsa ne suka warware shi. Duk lokacin da aka tambaye ni ko sanin abin da ke ƙarƙashin manhaja yana da sauran amfani, wannan labarin nake fara tunawa.

Watanni huɗu bayan haka, ranar 19 ga Yulin 2024, aka ga ɗaya fuskar matsalar, inda babu maƙiyi ko ɗaya. Kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wa manhajarsa ta Falcon wani ƙaramin fayil na sabuntawa. Bisa bayanin da kamfanin ya fitar daga baya, sabon tsarin yana sa ran samun bayanai 21, alhali 20 ake miƙa masa, da manhajar ta miƙa hannu ta ɗauko na 21 sai ta taɓa gurbin ƙwaƙwalwar da ba nata ba. Da yake tana aiki ne a can cikin zuciyar Windows, faɗuwarta faɗuwar kwamfutar ce gaba ɗaya, kuma duk lokacin da aka sake kunnawa sai ta sake faɗuwa. Kamfanin ya janye fayil ɗin bayan minti 78, amma aikin gama ya gama: Microsoft ta ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 ne abin ya shafa, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage ayyuka, bankuna da gidajen talabijin suka tsaya cak. Na'urori da yawa sai da ma'aikaci ya je gabansu ɗaya bayan ɗaya ya goge fayil ɗin da hannu. Kuskure biyu ne suka haɗu a nan, kuma na biyun ya fi ba ni takaici, domin maganinsa sananne ne tun da daɗewa: ba a tura sabon abu ga kowa da kowa a lokaci guda, ana farawa ne da 'yan na'urori kaɗan, a jira a ga yadda suka kwana, sannan a faɗaɗa.

Kuskuren farko kuwa, wato taɓa gurbin ƙwaƙwalwar da ba naka ba, shi ne ainihin dalilin da ya sa kake jin sunan Rust. Yarukan C da C++ suna ba mai rubutu cikakken iko kan ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi zai nemi gurbi, shi zai mayar, kuma babu mai hana shi karanta abin da ya wuce iyakar da ya nema. Wannan ikon ne ya sa suke da sauri, shi ne kuma ya sa ƙaramin sakaci ke zama babbar ɓaraka. A Afrilun 2014 aka gano Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle sadarwar shafukan intanet masu ɗimbin yawa. Kwamfuta takan aika ɗan saƙo ta ce wa ɗayar ta maimaita mata shi don a tabbatar layin bai yanke ba, tana kuma faɗin tsawon saƙon. An manta a duba ko tsawon da aka faɗa gaskiya ne, saboda haka mai kutse zai aika harafi ɗaya ya ce tsawonsa dubu sittin da huɗu ne, sai a kwaso masa duk abin da ke maƙwabtaka da saƙon a ƙwaƙwalwa, har da kalmomin sirrin mutane. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan nau'in tsagewar ya fi kowanne yawa: a 2019 Microsoft ta bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaron da take toshewa a kayanta kowace shekara daga matsalar ƙwaƙwalwa suke, masu kula da Chrome ma suka samu adadi makamancin wannan a nasu ɓangaren.

Rust, wanda ya girma a hannun Mozilla ya kuma kai zubinsa na 1.0 a 2015, ya zo da wata dabara: kowane gurbi na ƙwaƙwalwa yana da mai shi guda ɗaya, wasu na iya aro bisa sharuɗɗa, tafintan kuma ba zai yarda ya fassara rubutunka ba idan ya ga ka karya sharuɗɗan. Kuskuren da a C sai bayan shekaru zai bayyana a hannun mai kutse, a Rust tun kana zaune a gaban allonka za a tare ka da shi. An fara shigar da yaren cikin zuciyar Linux a zubi na 6.1, Disamban 2022, a Fabrairun 2024 kuma fadar shugaban Amurka ta fitar da rahoton da ke kira ga masana'antar ta koma ga yarukan da ke kare ƙwaƙwalwa. Amma wanda ya ce maka C ta mutu bai duba inda take zaune ba, domin zuciyar Linux, da mafi yawan rumbunan bayanai, da na'urorin da ke cikin motoci da kayan asibiti, dukkansu da ita aka gina su, kuma ba za a sake rubuta su cikin shekara goma ba. Ni ban ma ga hikimar sake rubuta komai ba. Abin da Google ta yi da Android ya fi gamsar da ni: ta bar tsohon rubutu a inda yake, ta sa a riƙa rubuta sabo da yarukan da ke da kariya, sai kason ɓarakar ƙwaƙwalwa ya sauko daga kashi 76 cikin 100 a 2019 zuwa kashi 24 a 2024. Dalilin shi ne sabon rubutu ne ya fi ɗauke da kurakurai, tsoho kuwa an daɗe ana tace shi. Saboda haka ka koyi C gwargwadon da za ka fahimci abin da ake gudu, ka koyi Rust idan aikinka ya kusanci na'ura. Idan kuwa shafukan intanet ko nazarin bayanai ka dosa, Python da Java da Go dama suna kula maka da ƙwaƙwalwa, ba sai ka tayar da hankalinka ba.

Game da na'urorin kansu ba zan tsawaita ba. Hasashen Gordon Moore na 1965, cewa yawan transistoci, wato ƙananan makunnan lantarkin da ake iya dasawa a guntun silikon, zai riƙa ninkawa a kai a kai, ya yi shekaru yana cika, amma tun wajen 2005 saurin bugun na'ura ɗaya ya daina hauhawa kamar da saboda zafi da cin wuta. Daga nan aka koma jera masu sarrafawa da yawa a guntu ɗaya, aka kuma gano cewa katin hoton da aka ƙera domin wasanni ya dace da lissafin da ake iya rarrabawa gida dubu a lokaci guda. A 2012 masu bincike a Jami'ar Toronto suka horar da AlexNet, wata manhajar gane hotuna, a kan katin Nvidia guda biyu suka yi wa abokan gasarsu fintinkau wajen gane hotuna, kuma daga wannan hanyar aka biyo har zuwa ƙirƙirarriyar basirar da kake tambaya a kai. Abin da ya shafe ka a nan shi ne manhaja mai nauyi ba za ta ƙara yin sauri don kawai an sayi sabuwar kwamfuta ba, sai mai rubutun ya san yadda ake raba aiki.

Batun kwantam kuwa yana buƙatar a auna shi da kyau, domin masu zuzutawa da masu rainawa duk suna kuskure. A 1994 Peter Shor ya nuna a lissafe cewa kwamfutar kwantam mai isasshen girma za ta iya warware matsalolin lissafin da makullai irin su RSA suka dogara da wuyarsu. Irin wannan kwamfuta ba ta samu ba tukuna. Guntun Willow da Google ta nuna a Disamban 2024 yana da kubit 105 ne, wato ƙwayoyin da irin wannan kwamfuta ke lissafi da su, ci gaban da ya kawo kuma a fannin rage kurakurai yake, alhali ɓalle makullan da ake amfani da su yau yana buƙatar kubit masu yawan da ya ninka wannan nesa ba kusa ba. To me ya sa ake gaggawa? Saboda wanda ke da hali zai iya kwafe kullallun saƙonni yau ya ajiye, ya jira ranar da zai iya buɗe su, kuma akwai sirrin da bayan shekara ashirin ma sirri ne, kamar bayanan lafiya da na gwamnatoci. Hukumar NIST mai tsara ƙa'idojin fasaha a Amurka ta buɗe gasar neman sababbin makullai a 2016, ta kuma tabbatar da ƙa'idoji uku na farko a Agustan 2024. Manhajar aika saƙo ta Signal ta sa irin wannan kariya a 2023, Apple ta sa a iMessage a 2024, Chrome ma ya fara amfani da ita. Akwai wani abu da ya faru a tsakiyar gasar wanda ya dace da duk abin da nake faɗa maka. Wani makullin da aka shigar gasar mai suna SIKE ya tsallake zagaye uku na tantancewa, masana suna ta dubawa shekara da shekaru, sai a 2022 Wouter Castryck da Thomas Decru na jami'ar KU Leuven da ke Beljiyam suka karya shi cikin kusan awa guda da kwamfuta ta yau da kullum, ta hanyar wani tsohon sakamakon lissafi da ba a yi tunanin yana da alaƙa da shi ba. Shi ya sa masu hankali ke haɗa sabon makulli da tsoho a lokaci guda, don idan ɗaya ya ba da kai ɗayan ya riƙe. Kai a matsayinka na mai rubuta manhaja, kada ka taɓa ƙirƙiro makullinka, kuma ka gina aikinka ta yadda za a iya cire makulli a sa wani ba tare da rushe ginin ba.

Hukumomi ma sun fara shigowa. Bayan kutsen da aka yi ta manhajar SolarWinds a 2020, umarnin shugaban Amurka na Mayun 2021 ya kawo batun cewa mai sayar wa gwamnati manhaja ya iya bayar da jerin duk tubalan da ke cikinta. Tarayyar Turai ta wuce nan da dokarta ta tsaron kayan dijital, wadda ta fara aiki a Disamban 2024, manyan sharuɗɗanta kuma za su hau kan masu ƙera kaya a Disamban 2027, ciki har da wajabcin ci gaba da toshe ɓaraka bayan an sayar. Idan doka ta ce wani ne zai amsa laifin manhaja, dole kamfani ya nemi ma'aikacin da zai iya cewa ya duba, ya kuma san abin da ya duba.

A aikace, ga yadda zan so ka tafiyar da shekararka ta biyu. Ka yi amfani da na'urar, kada ka guje ta, amma ka sa wa kanka doka cewa ba za ka karɓi layin da ba za ka iya bayyana wa wani dalilinsa ba. Ka riƙa rubuta gwajinka da kanka kafin ka nemi ta rubuta maka aikin, kana zaɓo lambobi da kalmomin da ka san suna iya karya shi: sifili, lamba mai ɗigo, gurbin da aka bari fayau, suna mai ƙugiya irin ƙ da ɗ, ranar 29 ga Fabrairu. Ka ƙware a Git, kayan aikin adana tarihin sauye-sauyen manhaja wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, har ka iya bin tarihin aiki ka gano ranar da kuskure ya shigo da sauyin da ya kawo shi. Ka zaɓi buɗaɗɗiyar manhaja ɗaya ƙarama da kake amfani da ita, ka karance ta daga farko har ƙarshe, domin mafi yawan lokacin ma'aikaci a wannan sana'a a karatu yake tafiya. Ka buɗe jerin tubalan da aikinka ya jawo, ka ƙirga su, ka duba mutum nawa ne ke kula da kowanne da kuma yaushe aka taɓa shi a ƙarshe.

Idan kana son aikin gwaji da zai haɗa maka duk wannan, ga ɗaya da ranarsa ke tafe. Tsarin Unix, wanda Linux ta bi sawunsa, yana ƙirga lokaci ne da yawan daƙiƙoƙin da suka wuce tun 1 ga Janairun 1970, tsofaffin manhajoji da na'urori da yawa kuma suna ajiye wannan adadi a gurbin da ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647. Za a kai wannan adadi ranar 19 ga Janairun 2038 da ƙarfe 3:14 da daƙiƙa 7 agogon GMT, daga nan duk na'urar da ba a gyara ba za ta ɗauka ta koma Disamban 1901. Sababbin kwamfutoci sun faɗaɗa gurbin, amma matsalar tana nan kwance cikin tsarin wasu fayiloli, da ginshiƙan wasu rumbunan bayanai, da ƙananan na'urorin da aka dasa a masana'antu aka manta da su. Ka samu kwamfutar gwaji wadda ba a ajiye komai mai muhimmanci a kanta ba, ka mayar da agogonta 3:14 daidai na wannan rana, ka tayar da manhajarka tare da rumbun bayananta, ka zuba ido kan abin da za ta rubuta a rajista daga daƙiƙa ta takwas.